Makullin Malama Jan Biro

Shekara uku da wata biyar ke nan Mai Sikeli yana ɗauke da wata magana a ƙirjinsa wadda bai furta wa kowa ba, har matar da suke kwana ɗaki ɗaya. Sau shida ya sa hannu da sunan wata baiwar Allah a kan aikin da idonta bai taɓa gani ba. Kowane karo yakan ce wa ransa wannan ne na ƙarshe, mako mai zuwa zai sanar da jama'a. Makon ya zo ya wuce, gemunsa ya ƙarasa yin fari, maganar tana nan inda take.

Abin da ya haɗa shi da wannan baiwar Allah wata 'yar manhaja ce buɗaɗɗiya, irin wadda duk mai so zai sauke kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara abin da ya ga dama. Aikinta ɗaya ne tak: ta karɓi ɗan motsin lantarkin da ke fitowa daga cikin sikeli, ta tace girgiza da zafi da rawar tebur, ta ba da lambar da mutum zai iya dogara da ita. Shekara ashirin da suka wuce suka rubuta ta su biyu, a ɗakin gwaje-gwaje na kwalejin da suke koyarwa, don kawai sikelin ɗakin yana yin ƙarya duk lokacin da aka kunna fanka. Shi ne mai saurin hannu. Ita kuwa malamar lissafi ce da ba ta yarda ta duba aiki a allon kwamfuta ba, sai an buga mata a takarda ta bi shi layi-layi da jan biro, har sunan Malama Jan Biro ya bi ta.

Ita ce ta kafa ƙa'idar da mutanen manhajar suke kira ido huɗu: ba a fitar da sabon zubin manhajar sai mutum biyu sun karanta duk layin da aka taɓa, sannan kowannensu ya buga hatiminsa. Hatimin yana cikin wani ɗan makulli ne da bai kai ɗan yatsa ba, wanda ake sokawa a jikin kwamfuta a shigar da lambobin sirri, kuma babu mai iya kwaikwayonsa. Kowannensu ya rubuta lambobinsa ya liƙe a ambulan ya ba ɗayan ajiya, bisa sharaɗi guda: ranar da ɗaya ya mutu ko ya kasa, wanda ya rage ya buɗe ya soke makullin, ya sanar da jama'a, ya nemo wani idon.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da Malama, 'yarta ta kawo masa makullin a ƙulle cikin hankici, ta ce uwar ce ta yi ta nuni har aka gane shi take so a kai wa. A makon ne kuma aka gano wani kuskure da ba zai jira ba. Ya buɗe ambulan ɗin, ya yi gyaran, ya buga hatiminsa, ya buga nata. Larura ce, in ji shi. Amma shi mutum ne da ƙaryar da ya yi wa kansa ba ta daɗewa, kuma ya san abin da ya sa ya maimaita a karo na biyu da na uku ba larura ba ce. Aiki ne ya yi masa sauƙi. Babu mai dawo masa da takarda jawur, babu mai tambayarsa dalilin da ya bi ta nan bai bi ta can ba. Daga baya sauƙin ya rikiɗe ya zama kunya, kunyar ta toshe masa hanyar gidanta.

Ranar Alhamis ɗin da aka tsayar don fitar da zubin cikar shekara ashirin, da hantsi ya shiga ɗan ɗakinsa da ke ƙarshen baranda. Tebur ne guda, da kanta mai ɗauke da ƙananan sikeli bakwai, da akwatin katako na duwatsun awo na tagulla da yake gwada su da su. Bai gama zama ba matarsa ta shigo da shayi.

"Baban yara, yau ce haihuwar?"

"Yau ce, in Allah ya so."

"To Allah ya sauke ka lafiya. Ni dai biyar na haifa, ban yi rabin nishin da kake yi a kan wannan abin ba." Ta ture wayoyi gefe ta ajiye kofin. "In kun yi magana da Malama ka gaishe min da ita. Ikon Allah, mace tana kwance amma aikinta bai kwanta ba."

Ya ce to, idonsa a kan allo.

Ba ta daɗe da fita ba wayarsa ta yi ƙara. Sarkin Ƙorafi ne, wani injiniyan ruwa a wata ƙasa mai nisa, wanda shekara tara ke nan yana aiko da ƙorafi a kan manhajar, kuma sau tara cikin goma shi ke da gaskiya. Ba su taɓa ganin juna ido da ido ba. Shi ke kula da gwaje-gwaje yanzu, kuma shi ne ya ba da shawarar a rubuta layi ɗaya a shafin manhajar saboda cikar shekarun, a ce wa masu amfani da ita: ku faɗa mana abin da kuke aunawa.

"Dattijo, ka karya kuwa? In ba ka karya ba ka riƙe kujera."

"Wani ƙorafin ne kuma?"

"Yau na yi hutu. Ka tuna ka ce in mun samu amsa talatin mun yi kasuwa? To buɗe zauren saƙonni ka ƙirga. Dubu ɗaya da ɗari huɗu da tara, kuma tun da muka fara magana uku sun ƙaru."

Mai Sikeli ya gyara tabarau ya buɗe.

Na farko daga wani mai kiwon zuma ne da ya ɗora amyoyinsa arba'in kowace a kan sikeli. Ya ce daga ɗakinsa yake ganin lokacin da ƙudan suka fita kiwo, domin amya takan yi sauƙi da safe a hankali, da yamma kuma ta dawo ta fi jiya nauyi, kuma ranar da nauyin ya faɗi farat ɗaya ya san sun yi hijira. Na biye da shi injiniyan wata gada ne, wadda aka binne ma'auni a ƙarƙashin kwaltarta, tana auna manyan motoci suna gudu ba tare da sun tsaya ba. Wata mata ta rubuto daga kan wani dutse da bai taɓa jin sunansa ba: tana da faranti mai faɗin ɗaki a sararin Allah, ƙanƙara tana sauka a kansa, daga nauyinta take faɗa wa manoman kwari yawan ruwan da koginsu zai kawo bana. Masunta a tsakiyar teku suna auna kifi a kan jirgi mai lilo. Wani mai kula da namun daji ya aiko da hoton giwa a tsaye a kan dandamali, ya ce ba ta taɓa yarda ta tsaya cak ba ko na daƙiƙa biyu, amma manhajar tana kama nauyinta duk da rawar da take yi, kuma giwar ta ƙara kilo sittin, ana neman shawarar yadda za a faɗa mata.

Ya yi dariya shi kaɗai, sannan dariyar ta ɗauke. Ya ci gaba da gangarawa, saƙo bayan saƙo, wasu da harsunan da sai na'ura ta fassara masa. Masu auna gari da masu auna gwal, masu auna iskar gas a tulu, wani mai bincike da ke auna raɓar da ke kwana a kan ganye guda. Layi dubu tara ne duka-duka, wasunsu ya rubuta su ne a kan kwamfutar aro yana jin yunwa, yana Allah-Allah a tashi daga aiki. Bai taɓa fita daga ƙasarsa ba sai sau ɗaya. Ga shi abin da ya fita daga yatsunsa ya hau duwatsu, ya shiga teku, ya kwanta a ƙarƙashin gadoji, yana aiki a wannan sa'ar a wuraren da rana ba ta fito ba tukuna da wuraren da ta riga ta faɗi, a hannun mutanen da ba su san kamanninsa ba kuma ba za su sani ba. Ya dubi tafin hannunsa kamar na wani. A hankali ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah."

Shayin ya huce bai taɓa shi ba lokacin da ya iso kan saƙon wata ma'aikaciyar jinya.

Ta ce tana aiki ne a ɗakin bakwaini. Akwai jaririn da aka kawo mata bai kai kilo ɗaya ba, giram ɗari tara da ashirin, kuma maganin irin waɗannan da nauyinsu ake lissafa shi, ɗigo-ɗigo, don haka giram goma a wurinsu ba wasa ba ne. Sikelin da ke cikin kwalabar jariran da manhajarsu yake aiki. Ta rubuta: "Da farko babban likitanmu ya ƙi, ya ce ba ya ɗora ran yaro a kan abin kyauta. Sai mai gyaran na'urorinmu ya nuna masa ƙa'idarku, cewa babu layin da ke fita sai mutum biyu sun karanta, ya nuna masa hatiman biyu. Shi ya sa ya yarda. Yaron nan yanzu yana rarrafe. Ku gode wa Malama, wadda aka ce ba ta barin ko ɗigo ya wuce ta."

Ya karanta sau biyu. Ya rufe zauren, ya buɗe jerin matakan fitarwa, domin aiki ne abin da ya saba ɓuya a cikinsa.

Gwaje-gwaje sun kammala a kan kwamfutoci sittin da uku na 'yan sa-kai, duka sun nuna kore. Bayanin canje-canje a rubuce yake, an jera sunayen mutum goma sha ɗaya da suka aiko da gyara. Ya sauya lambar zubi, ya ɗaure fayilolin wuri guda, ya soka makullinsa, hatimi ya hau. Ya jawo aljihun tebur ya kwance hankicin.

A cikin canje-canjen bana akwai layi huɗu da ya taɓa da kansa, a daidai wurin da manhajar take yanke hukunci a kan abin da bai kai kilo ɗaya ba. Ya yi imani daidai suke. Sau biyar ya karanta su. Amma duk sau biyar ɗin da ido ɗaya ne, idon da ya rubuta su, kuma ya tuna sau nawa a shekarun baya ya rantse aiki daidai yake, takarda ta dawo masa da jan da'ira a kan abin da yake kallo bai gani ba. Ya riƙe makullin a bakin ramin kwamfuta, amma bai soka shi ba.

Ya naɗe kwamfutar ya sa a jaka, ya ɗauki hula.

"Ina zuwa kuma, ana tsakiyar naƙuda?" in ji matarsa daga kicin.

"Gidan Malama."

Ta leƙo da ludayi a hannu, ta dube shi sosai. Ta ce, "To ka sauya wannan takalmin."

Tasi ta sauke shi a bakin wani layi mai shagunan ɗinki da wani kantin magani. Sau uku a shekarun nan ya zo har bakin layin ya juya. Gidan na ƙasa ne a wani bene mai hawa uku, an zuba siminti a kan matakalar ƙofar an mayar da ita gangare saboda keken marasa lafiya. 'Yar Malama ce ta buɗe, mace mai kusan arba'in, da tawul a kafaɗa.

"Kawu? Ashe kana gari? Mu mun ɗauka ka yi ƙaura."

"Ina nan, 'yata."

"To shigo. Mama, ga baƙo daga ƙasar waje."

Malama tana zaune a kujera kusa da taga, an jingina mata filo a ɓarin dama. Ta rame, gefen bakinta ya ɗan sauka, hannun daman yana kwance a cinyarta kamar ajiya. Idanun ne kawai ba abin da ya taɓa su. Da suka sauka a kansa sai duk gaisuwar da ya tsara a cikin tasi ta gudu. Ya zauna a bakin kujerar da aka nuna masa, ya zaro waya da sauri kamar ɗalibin da ya makara.

"Malama, akwai abin da ya kamata ki ji. Yau shekara ashirin."

Ya fara karanta mata. Ya karanta na mai zuma, ta lumshe ido tana saurare. Da ya zo kan farantin ƙanƙara ta ɗaga hannun hagu ta tsayar da shi, ta juya yatsa alamar ya maimaita, ya maimaita. 'Yar ta bar abin da take yi ta zo ta tsaya a bayan kujerar, tana cewa, "Kai! Wannan abin naku na fanka?" Labarin giwa ya sa Malama dariya da rabin fuska har sai da aka share mata baki. Ya karanta na gada, na masunta, na raɓa. Kukan keken ɗinki kawai ake ji daga waje, su uku suna sauraren duniya tana ba da labarin abin da take aunawa. Hawaye ya gangaro ta idon Malama na hagu, ba ta damu da shi ba.

Da ya iso kan na ma'aikaciyar jinya, ya kai tsakiya sai ya ajiye wayar.

Malama ta miƙa hannu, 'yar ta ɗora mata wani littafi a cinya ta saƙala mata fensir. Da hagu ta rubuta, a karkace, ta juyo masa da shafin. Lamba ce guda: 6.

"Duk sanarwar da kuka fitar ni nake karanta mata," in ji 'yar, muryarta ta sauka. "In na zo wurin da aka ce ta duba ta sa hannu, sai ta ce in sake karantawa, sannan ta ce in rufe. Na ce bari in kira ka, ta hana. Ta ce da ƙafarka za ka zo."

Mai Sikeli ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya faɗi komai, bai rage ba: ambulan ɗin, larurar farko, sauƙin da ya ji bayanta, da layi huɗun da ke jira a cikin jakarsa. Ya ciro hankicin ya ajiye a kan littafinta.

Ta daɗe tana haɗa kalmomin kafin su fito, ɗaya bayan ɗaya. "Wa... ya... karanta?"

"Ni kaɗai, Malama. Duka shidan."

Ta rufe ido. Da ta buɗe ba ta dube shi ba, fensir ta ɗauka. Ta rubuta: Soke. Yau. Ta ja layi a ƙarƙashi, ta ƙara kalma ɗaya: Ƙorafi.

"Shi?" Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa. "Malama, mutumin nan kashe ni zai yi."

Ta gyaɗa kai alamar ta san da haka.

A kan ɗan teburin magungunanta ya buɗe kwamfutar, 'yar ta kwashe kwalabe ta ba shi wuri. Ya soka makullin, ya shigar da lambobin da ya haddace ba da haƙƙi ba, ya ba da umarnin sokewa. Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata, domin ba a dawowa. Ya ce ya tabbata. Sannan ya rubuta wa zauren, yana karantawa a bayyane don ta ji: cewa zubin yau ba zai fita ba, cewa Malama ta kwanta rashin lafiya shekara uku da wata biyar da suka wuce, kuma tun daga ranar ba ta ga layi ɗaya ba, cewa hatiminta da ke kan zubi shida na baya shi ne ya buga da hannunsa, ba da izininta ba, cewa duk mai auna abin da rai ya rataya a kansa ya dakata a kan abin da yake da shi har a sake karanta shidan daga farko. Ya sa sunansa shi kaɗai a ƙasa, ya aika.

Ba a yi minti biyar ba wayar ta yi ƙara.

"Dattijo." Babu wasa a muryar Sarkin Ƙorafi. "Shekara tara ina kai ƙararka wurin matar nan a raina, ashe shekara ukun nan kai nake kai wa."

"Haka ne."

"Za a zage ka. Wasu za su tafi ba za su dawo ba. Ni kaina ban san abin da zan ce maka ba yanzu."

"Na sani. Malama ta ce kai ne ido na biyu, in ka yarda."

Sarkin Ƙorafi ya ce, "Tana kusa?"

"Tana ji."

"Ranki ya daɗe, na karɓa. Amma duka shidan zan karanta, layi-layi, kuma asibitin can zan fara rubuta wa kafin komai. Dattijo, turo min layi huɗun nan naka yanzu. In na ga kuskure ko na waƙafi ne, sai duniya ta ji."

Ya tura. Ya naɗe kwamfutar ya mayar jaka, 'yar ta dawo da kwalaben wurinsu ta shiga ciki ɗora ruwa. Saƙonni sun fara shigowa, wayar tana ta rawa a aljihunsa, ya kashe ta. Sai a lokacin ya lura cewa tun da ya shigo, sa'a guda da wani abu, maganar sikeli kawai ya yi.

Ya tashi ya jawo kujerarsa kusa da tata, ta ɓangaren hagu inda take ji sosai. Ya zauna, ya haɗa hannuwansa, ya sunkuyar da kai.

"Sannu, Malama," ya ce. "Yaya ƙarfin jikin?"